Yadda Ake Zaɓen Hitar Ɗumama Ɗaki: Mai Bututu Ko Marar Bututu

Duk hitar da ke ƙona wani abu kafin ta ba da zafi, gas ne, kananzir ne, dizal ne ko gawayi, tana shan iskar da ke kusa da ita, sannan ta amayar da wata iskar daban. Inda wannan iskar ta biyu take zuwa shi ya raba hitoci gida biyu. Idan an yi mata bututu ta bi ta fice waje, hita ce mai bututu. Idan kuwa cikin ɗakin take bajewa, ana shaƙarta tare da ɗumin, marar bututu ke nan. Mai shago zai yi ta yaba maka ƙarfinta da kyanta da sauƙin kuɗinta. Kai kuwa abin da ya kamata ka riƙe tun daga gida shi ne wane ɗaki za ka sa ta, awa nawa za ta yi tana ci, kuma ko akwai wanda zai yi barci a ciki.

Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. A gida, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba a Jos da Zariya da Kano da Agadas da kan tsaunin Mambila yakan sa mutane su rufe ƙofa da taga ruf, su shigo da wuta ɗaki. A waje kuma, 'yan'uwanmu da ke karatu ko neman abinci a Turkiyya da Jodan da Maroko da Ingila da Amurka sukan tarar da waɗannan hitoci a gidajen haya ba tare da wani ya yi musu bayaninsu ba.

Mataki na farko: ka gane abin da ke gabanka

Marar bututu ita ce wadda aka fi gani, domin ba ta bukatar magini. Wadda ta fi yawa akwatin ƙarfe ce mai tayoyi, ana sa tukunyar gas a bayanta, gabanta kuma akwai faranti uku da ke yin jawur idan an kunna. Ƙarfinta yawanci kilowat 4.2 ne, faranti ɗaya 1.4. Akwai wadda ake kafawa a bango mai shuɗin harshen wuta a bayan gilashi. Ita iskar ɗakin take ɗumamawa a hankali, yayin da mai jan faranti jikin wanda ke gabanta take gasawa kai tsaye. Akwai kuma ta kananzir mai lagwani. Dukansu zafin da suka samar yana nan cikin ɗaki, shi ya sa za ka ga an rubuta kashi 99 cikin 100 a kwalinsu. Gaskiya ne, sai dai hayaƙinsu ma yana nan cikin ɗaki kashi 100 cikin 100.

Kilo ɗaya na gas ɗin girki idan ya ƙone yana cinye iska kusan kubik mita 13, ya fitar da kilo 3 na kabon dayoksaid da tururin ruwa sama da lita ɗaya da rabi. Wannan idan wutar na ci daidai ke nan. Idan iska ta yi ƙaranci, ko ƙura ta toshe ƙofofin shan iskarta, sai ta fara fitar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana kama jan jinin mutum fiye da yadda oksijin ke kamawa sau 200 da ɗoriya, don haka kaɗan ma ya isa. Ban da ita akwai naitirojin dayoksaid, wadda ke tayar wa masu asma ciwonsu, musamman yara.

Mai bututu kuma iri uku ce, kuma bambancin da ke tsakaninsu ba ƙarami ba ne.

Ta farko ita ce mai bututun da ya miƙe sama ya huda rufi. Daga cikin ɗaki take shan iska, hayaƙin kuma ya hau da kansa saboda zafinsa. Irinta ce Turkawa ke kira soba, ana sa mata gawayin ƙasa ko itace, kuma a ƙasar Sham akwai ta dizal. Kada ka ce tunda akwai bututu an gama. A yammacin Turkiyya, musamman wajen Bursa, duk lokacin da iska mai ƙarfi daga kudu maso yamma da suke kira lodos za ta kaɗa hukumomi kan gargaɗi jama'a su kashe soba kafin su kwanta, domin iskar na danno hayaƙi ta mayar da shi cikin ɗaki, kuma an sha rasa rayuka ta haka.

Ta biyu ita ce rufaffiya mai bututu ta bango. A ganina ita ce sarauniyarsu. Bututunta biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya: na ciki yana fitar da hayaƙi, na waje yana shigo da iska daga waje. Wutar tana cikin akwati a rufe, ba ruwanta da iskar da kuke shaƙa. Da yawa daga cikinsu ba sa bukatar lantarki, abin da zai yi wa duk wanda ya san halin wutarmu daɗi.

Ta uku mai fanka ce, wadda ke tura hayaƙin waje da ƙarfi. Tana aiki da kyau, amma da zarar an ɗauke wuta ta tsaya.

Asarar mai bututu ita ce wani ɓangare na zafin yana bin hayaƙi ya tafi. Gwargwadon iri, abin da ke saura a ɗaki yakan kama daga kashi 60 zuwa 80 da wani abu. Ga kuɗin saye, ga na fasa bango, ga na ma'aikaci.

Hitar lantarki ba ta cikin wannan rabon, tunda ba ta ƙona komai, amma za ta yi ta shigowa cikin bayanin saboda a wasu ɗakunan ita ce mafita.

Mataki na biyu: wa zai zauna a ɗakin, kuma zai yi barci?

Wannan tambayar kaɗai takan yanke rabin hukunci. Mutumin da yake a farke idan kansa ya fara sarawa zai tashi ya buɗe ƙofa. Mai barci ba zai ji komai ba. Saboda haka duk ɗakin da ake kwana, ka cire marar bututu daga lissafi. Dokar gas ta Amurka ta yarda a kafa ƙarama a bangon ɗakin kwana idan ba ta wuce BTU 10,000 ba (BTU ma'aunin zafi ne da Amurka ke amfani da shi), wato kusan kilowat 2.9, a inda hukumar yankin ta amince. Amma littafin da ke zuwa da akwatin gas mai tayoyi a Turai yana hana sa shi a ɗakin kwana da banɗaki gaba ɗaya, jihar Kalifoniya kuma ba ta yarda da marar bututu a cikin gidan zama ba. Ni ina tare da masu tsaurin. Ɗakunanmu ƙanana ne, a cike suke da mutane da katifa da gidan sauro, kuma da sanyi har ƙasan ƙofa ake toshewa da tsumma.

Haka nan idan akwai jariri, mai ciki, tsoho, mai asma, mai ciwon zuciya ko mai sikila. Ɗakin mai jego ya fi kowane ɗaki bukatar a kula, domin al'adarmu ce a gasa shi, a rufe shi, kuma mutum biyun da ke ciki su ne suka fi kowa rauni a gidan.

Sai tsawon lokaci. Marar bututu ta ɗan taimako ce: awa biyu zuwa huɗu, a kashe, iska ta sauya. Idan a inda kake sanyi na ɗaukar wata huɗu ko biyar kuma hita za ta wuni ta kwana tana ci, wannan aikin mai bututu ne.

Mataki na uku: auna ɗakin

Ɗauki tef ka auna tsawo da faɗi da bisa, ka ninka su. Ɗaki mai mita 4 da 4, silinsa mita 3, kubik mita 48 ke nan. Wannan adadin zai yi maka aiki biyu.

Na farko, sanin ƙarfin da kake bukata. Ƙiyasin da aka saba bi shi ne wat 30 zuwa 50 ga kowane kubik mita. Irin sanyinmu na hunturu ƙasan ma'aunin ya ishe shi, wato wannan ɗakin kilowat ɗaya da rabi zai ɗumama shi. A ƙasar da ake zubar ƙanƙara, ko ɗaki mai rufin kwano ba silin, ka hau sama. Idan kwalin da BTU aka rubuta shi, kilowat ɗaya BTU 3,412 ne. Kada ka sayi wadda ta fi ƙarfin ɗakin don a ce kana da babba. Ɗumin zai ishe ka cikin minti kaɗan, iskar kuma ta riga ta ɓaci.

Na biyu, idan marar bututu kake so, sanin ko ɗakin zai iya ɗaukarta. Littattafan akwatin gas na Turai suna neman kubik mita 20 ga kowane kilowat a falon zama. Kenan kunna faranti ukun nan, kilowat 4.2, yana bukatar falo mai kubik mita 84, misali mita 7 da 4 mai silin mita 3. Ɗakinmu mai kubik mita 48 faranti ɗaya ya dace da shi, biyu sun riga sun haura. Suna kuma neman kafar iska da ba a rufewa, murabba'in santimita 25 ga kowane kilowat, a raba ta biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ma'aunin Amurka ya fi wannan sassauci, kusan kubik mita 5 ga kilowat, amma ka bi mai tsaurin, babu abin da za ka rasa.

Mataki na huɗu: duba iska da laima

Tsohon gini mai tagar luba da 'yan kafofin nan na saman bango yana numfashi da kansa. Sabon gini mai tagar alminiyam da silin na filasta da ƙofar ƙarfe mai roba a gefe, wanda aka yi shi don esi, ba ya numfashi. Na biyun shi ne ya fi haɗari da marar bututu duk da ya fi kyan gani. Gidajen Turai na zamani masu gilashi ninki biyu sun fi shi ma toshewa.

Akwatin nan mai kilowat 4.2 yana shan gas kusan giram 300 a awa idan an ƙure shi, wato tukunya mai kilo 12.5 za ta yi awa 40 da 'yan kai. A kowace awa yana sakin ruwa kusan rabin lita, kamar a ce ana fesa ledar fiya wata guda a iskar ɗakin. A Kano cikin buji, lokacin da leɓe ke tsagewa, wannan ba abin damuwa ba ne, wani ma zai ji daɗinsa. A Landan ko Istanbul, inda sanyin da laima yake zuwa, shi ne za ka wayi gari gilashi na zubar ruwa, bayan wardirof ya yi baƙin fumfuna, takalma sun yi kore, mai gida kuma ya riƙe kuɗin ajiyarka. Idan ɗakin da ma yana da laima, mai bututu ko lantarki.

Mataki na biyar: kowane wuri da abin da ya dace da shi

Ɗakin kwana, ɗakin yara, ɗakin mai jego: rufaffiya mai bututu ta bango, ko lantarki. Cikin na lantarki wadda ta fi kwanciyar hankali ita ce mai haƙarƙarin ƙarfe da mai a ciki, domin ba ta da jan waya a fili. Ka tuna mai wat 2,000 tana jan kusan amp 9, kuma tana cin yunit biyu na mita a awa. A soket na bango ake sa ta kai tsaye, ba a ekstenshan ba, kuma ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba. Rashin hayaƙi bai sa ta zama abin wasa ba: gobarar da ta tashi a wani bene a unguwar Bronx ta birnin New York ranar 9 ga Janairu 2022, wadda ta ci rayuka 17, mafi yawansu 'yan asalin Gambiya, daga hitar lantarki ta faro. Kafin ka sayi komai ma, duba rimot ɗin esi ɗinka. Idan akwai alamar rana, danna ta ka jira minti biyar. Wasu esi suna hura ɗumi, kuma suna ba da zafi kusan ninki uku na wutar da suka sha. Wasu kuma alamar ce kawai a rimot, injin na sanyi ne zalla.

Banɗaki: kada wuta mai harshe ta shiga. Wurin ƙarami ne, a rufe yake, ga tururi.

Falo babba da ake zama da yamma ana shiga ana fita: nan ne gidan marar bututu, idan awon ya ba da dama kuma taga ɗaya a ɗan buɗe take. Sai dai a kiyaye da abin da ke yawo a iska, domin duk sai ya bi ta cikin wutar ya fito da wani warin. Ba a fesa maganin sauro ko turaren feshi tana ci, kuma uwargida ta jinkirta turaren wuta sai an kashe ta.

Zaure, shago, rumfar mai shayi, masallaci: wurare ne masu iska, marar bututu mai jan faranti ta fi dacewa tunda jiki take gasawa. A masallaci dabarar da ta fi ita ce a kunna kafin kiran assalatu, a kashe idan sahu ya fara cika, saboda ga babbar riga, ga darduma, ga yara, ga kuma mutane da yawa na shaƙar iska ɗaya.

Garejin mota, wurin fenti, wurin kafinta: tururin fetur da tina yana kwanciya ƙasa, garin katako yana tashi sama. Harshen wuta a fili ba shi da wuri a nan. Rufaffiya mai bututu, a ɗaga ta. Ƙa'idar Amurka ita ce duk abin da ke iya tayar da wuta a gareji ya kasance aƙalla santimita 45 sama da daɓe.

Kwantena, ɗakin maigadi, kan babbar mota: su ne suka fi kowane wuri saurin kisa, domin ƙanana ne kuma wanda ke ciki kusan kullum barci yake ƙarewa da shi. Direbobin Turai suna amfani da ƙaramar hitar dizal wadda salansarta ke waje, irin na kamfanonin Webasto da Eberspächer, kuma akwai masu araha 'yan Chana. Idan ba ta samu ba, bargo biyu da hular sanyi.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa: ba a shiga da tukunyar gas. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake taruwa, ba shi da hanyar fita.

Ɗakin rainon 'yan tsaki: suna son digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa kusan digiri 3 duk mako. Hitar gas mai kama da laima da ake ratayawa marar bututu ce, haka ma tukunyar gawayi. Masu kiwo kan naɗe ɗakin da leda har sama don kada ɗumi ya fita, da safe su tarar da tsaki a kwance su ɗora wa kamfanin ƙyanƙyasa laifi. A bar tazara a sama ta kowane gefe, kuma yaron da ke kula da su kada ya kwana a ciki.

Kaskon gawayi kuwa marar bututu ne da ba shi da ko na'urar tsaro ɗaya. Maganar da ake yi cewa idan garwashi ya ruru ya daina hayaƙi ba ya illa, ba gaskiya ba ce. Jan garwashi yana fitar da kabon monoksaid ba tare da hayaƙin da ido zai gani ba. Wurinsa tsakar gida. Haka kukar gas da oben ba na ɗumama ɗaki ba ne, haka doguwar hitar nan mai kan laima da ake gani a harabar gidajen abinci, da wadda ake ɗaurawa a kan tukunyar gas kai tsaye. An yi su ne don waje.

Mataki na shida: a shago

Idan marar bututu ce, nemi haruffan ODS a jikinta ko a littafinta. Na'ura ce da ke kashe gas idan oksijin ɗin ɗaki ya sauka daga kashi 21 zuwa wajen 18, kuma tun 1980 Amurka ta wajabta ta. Yadda take aiki mai sauƙi ne: ɗan ƙaramin harshen wuta yana lasar wani tsinken ƙarfe, idan iska ta ragu harshen sai ya ɗaga ya bar tsinken, tsinken ya huce, bawul ya rufe. Ka lura da kyau: oksijin take lura da shi, ba kabon monoksaid ba. Hita mai datti za ta iya zuba guba alhali oksijin bai sauka ba. Nemi kuma wadda ke mutuwa idan ta faɗi ko iska ta hure ta.

Mazauna Gembu da sauran garuruwan Mambila su san cewa masu ƙera irin na bango suna gargaɗin cewa sama da mita 1,370 wutar kan riƙa mutuwa da kanta saboda siraran iskar tudu. Jos, mai kusan mita 1,200, tana gab da wannan iyaka. Idan haka ta faru kada wani gwani ya ce zai cire na'urar ko ya ɗaure maɓallin da waya. Alama ce cewa mai bututu ta fi dacewa da garin.

Duba irin gas ɗin da aka yi ta dominsa. Akwai ta gas ɗin tukunya, akwai ta gas ɗin bututun gari, kuma ƙofar fitar gas ɗinsu ba girma ɗaya ba ce. Kayan gwanjo daga Turai da Amurka da yawa na gas ɗin gari ne. Idan aka haɗa su da tukunya sai wuta ta yi tsalle da baƙin hayaƙi. Matsin da regileta ke bayarwa ma a rubuce yake a ƙaramin allon bayanta, yawanci miliba 28 zuwa 30 ko 37, ka sayi wadda ta yi daidai. Hitar da ba allo, ba littafi, farantinta a tsage, bar ta ko nawa aka rage maka. Araha ba ta ado.

Mataki na bakwai: kafawa

Marar bututu: a daɓe mai lebur, mita guda tsakaninta da labule, kujera, katifa da kayan shanya, fuskarta na kallon tsakiyar ɗaki. Sabon tiyo na gas, ba na ruwa ba, a ɗaure bakinsa biyu da kilif. Shafa kumfar sabulu a kowane mahaɗi ka buɗe gas. Inda ka ga kumfa na tasowa akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Canjin tukunya a waje ake yi, ko ƙofa a buɗe, babu wuta kusa.

Mai bututu: aikin wanda ya san gas ne, ba kowane mai walda ba. A Ingila doka ce sai mai rajistar Gas Safe, kuma wajibi ne mai gidan haya ya sa a duba kayan gas duk shekara, nemi takardar. Idan ta bango ce, tsaya a kan ma'aikacin ka ga inda bakin bututun ya faɗa. Kada ya zama ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, ko cikin siririn lungun da ke tsakaninka da maƙwabci, ko barandar da aka rufe da gilashi. Ya ɗaga aƙalla santimita 30 daga ƙasa, a sa masa raga saboda yara da awaki. Bututun da ya zo da ita za a yi amfani da shi, ba a ƙara masa tsawo da wani ƙarfen.

Idan mai hawa sama ce, inda bututun ya ratsa silin da katakon rufi dole a bar tazara a sa abin da ba ya cin wuta, balle silin roba. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ga bututun murhun itace ita ce ya haura rufi da santimita 90, kuma ya fi duk abin da ke cikin mita 3 da shi tsawo da santimita 60. A sa masa hula. Bayan an gama, ga gwajin da kowa zai iya yi: rufe ƙofofi da tagogi, kunna fankar zuƙe hayaƙin kicin idan akwai, bar hitar ta yi minti biyar, sannan ka kunna turaren tsinke ka kai shi bakin inda take shan iska. Idan hayaƙin turaren ya shige ciki, bututu na ja. Idan ya dawo fuskarka, kashe ta, aiki bai yi ba.

Mataki na takwas: ƙararrawa, shara, da abin yi idan ta ɓaci

Ko wace iri ka zaɓa, in dai tana ƙona wani abu, sayi ƙararrawar kabon monoksaid mai batir. Duba lambar EN 50291 ko UL 2034 a jikinta. Daban take da ƙararrawar hayaƙi, daban take da ta yoyon gas. A kafa ta mita 1 zuwa 3 daga hitar, wata kuma kusa da inda ake kwana. Tana da ranar ƙarewa a bayanta, tsakanin shekara 5 zuwa 10.

Lokacin da muke bukatar hita shi ne lokacin da ƙura ta fi yawa, wannan kuwa matsala ce da masu rubuta littafin a Turai ba su san girmanta ba. Duk mako, idan ta huce kuma gas a rufe, goge ta ka hure ƙofofin iska da ɗan ramin ƙaramin harshen nan da famfon keke. Kada ka tsokane shi da allura, za ka faɗaɗa shi. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, a tsaye. Idan ta koma ruwan ɗorawa tana lilo, ko kunkunniya ta fara bayyana a bango, ko ido na yaji, a kashe. Mai bututu kuma kafin kunnawar farko ta kowace shekara a leƙa bututun: wata tara yana zaune, zanzaro ya yi gini, tsuntsu ya yi sheƙa, ƙadangare ya mutu a ciki.

Gubar tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Mu nan take za mu ce maleriya ce. Abin da ke bambanta su: babu zazzaɓi, mutane da yawa a ɗaki ɗaya suna kamuwa lokaci guda, kuma ana jin sauƙi idan an fita waje. Idan ka ga haka, ko ƙararrawa ta yi kuka, fitar da kowa, bar ƙofa a buɗe, rufe gas idan yana kusa da hannu. Madara da manja ba sa karya wannan gubar, kuma ɗura wa wanda ya suma wani abu a baki na iya shaƙe shi. Maganinta oksijin ne, a asibiti. Ku gaya wa likita cewa akwai wuta a ɗakin, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa takan nuna jini lafiya lau ko da guba ta cika shi. Mai ciki a kai ta ko da ta ce ta warware. Hitar kuma ba a sake kunna ta sai wanda ya san aikin ya kwance ta ya gano abin da ya jawo.